Ciwon jijiyar ƙafa da shari'ar diyya: abin da 'yan mazan jiyan Amurka ke fama da shi

A dokar Amurka, kowace babbar jijiya a ƙafar tsohon soja tana da kuɗinta. Ma'aikatar kula da 'yan mazan jiya, wadda aka fi sani da VA, tana da dogon jadawali na cututtuka da raunuka, kowanne da lambarsa da kason naƙasar da aka yanka masa. Jijiyar nan mai kauri da ke tasowa daga ƙugu, ta ratsa ɗuwawu da bayan cinya har ta gangara tafin ƙafa, lambarta 8520. In lalacewarta kaɗan ce, kashi 10 cikin ɗari. In matsakaiciya ce, 20. In ta doshi tsanani, 40. In ta tsananta har tsoka ta rame a fili, 60. In kuwa ta mutu ɗungurungum, ƙafa na reto, babu tsokar da ke motsi daga gwiwa zuwa ƙasa, 80. Kowane kaso kuɗi ne da ke shiga asusun mutum duk wata, babu haraji a kai. A lissafin 2025, tsohon sojan da ba shi da iyali a ƙarƙashinsa yana karɓar dala 175.51 a kan kashi 10, mai kashi ɗari kuwa dala 3,831.30. Ba sai ɗan ƙasa ba: baƙon da ya yi wa rundunar Amurka aiki ya fita ba tare da an kore shi kan mugun laifi ba, shi ma yana da wannan haƙƙi.

Wanda ya karanta jadawalin zai ce ai magana ta ƙare, a auna ƙafa a biya. To amma wannan ciwo yana cikin waɗanda ake yawan kai-komo a kansu tsakanin ofishin VA da hukumar ɗaukaka ƙara da kotu, wani lokacin shekara da shekaru. Kusan duk rigimar a kan tambaya biyu take: aikin soja ne ya jawo shi? In shi ne, ya kai nawa? Wanda bai gane wacce daga cikin biyun aka kayar da shi a kai ba, zai ɗaukaka ƙara ya sake faɗuwa.

Jijiyar da ake magana ba ta jini ba ce, mai kai saƙon ji da motsi ce tsakanin laka da gaɓoɓi. Da yake na ƙafa sun fi tsawo, su ke fara gazawa, kuma daga yatsu abin ke farawa ya riƙa haurowa. Wani ya ce tafin ƙafarsa na ci da wuta da dare har bai iya jure zanen rufa. Wani tsikari yake ji. Wani kuma ƙafar ce ta sage, silifas ya fita a hanya bai sani ba, ko ya cire safa da yamma ya tarar da jini, ƙusa ta shige shi tun safe. In lalacewar ta kai ga jijiyar motsi, sai ka ga mutum yana ɗaga gwiwa sama in zai yi taku, don kada yatsunsa su ja ƙasa ya yi tuntuɓe.

Mu fara da tambayar farko. Doka na son abu uku: ciwon da likita ya tabbatar yana nan yanzu, wani abu da ya faru a lokacin aikin soja, da hujjar da ta ɗaure biyun. Na ukun ne masomin wahala, domin ciwon jijiya kan jira shekara ashirin ko talatin kafin ya fito fili, kuma masu jawo shi suna da yawa: ciwon suga, giya, ƙarancin bitamin B12, magungunan daji, tsufa. Likitan da ke neman wani dalili daban ba zai rasa ba.

Labarin waɗanda suka yi yaƙin Biyetnam ya fi nuna yadda abin yake. Tsakanin 1962 da 1971 jiragen Amurka sun fesa wa dazuzzuka da gonakin ƙasar galan kusan miliyan 20 na maganin kashe tsirrai, fiye da rabinsa Agent Orange ne, mai ɗauke da gubar dayoksin. Dokar 1991 ta buɗe wata hanya mai sauƙi: duk wanda ya taka ƙasar Biyetnam tsakanin 9 ga Janairun 1962 da 7 ga Mayun 1975, a ɗauka gubar ta shafe shi, in kuma ya kamu da ɗaya daga cikin cututtukan da aka lissafa, a ɗauka ita ce sanadi ba sai ya kawo hujja ba. A 1996 aka sa ciwon jijiya a jerin, amma da wani sharaɗi mai ɗaure kai: sai wanda ya bayyana jim kaɗan bayan haɗuwa da gubar, ya kuma warke cikin shekara biyu. Diyya kuwa ba a biyan ta sai a kan ciwon da ke nan. Wato an buɗe ƙofar da kusan babu mai iya shiga ta. A 2013 aka cire sharaɗin warkewa, aka bar ɗayan: dole ciwon ya kai matakin kashi 10 cikin shekara guda bayan haɗuwar mutum ta ƙarshe da gubar. Dalilin VA shi ne kwamitin masana na cibiyar kimiyya ta ƙasa ya ga alamar dangantaka tsakanin gubar da ciwon da ya fito da wuri, amma bai sami isasshiyar hujja ba a kan wanda ya fito bayan shekaru. An faɗaɗa waɗanda hanyar ta shafa tun daga lokacin: a 2019 ta haɗa da sojojin ruwa da suka yi aiki kusa da gaɓar Biyetnam, sai dokar PACT ta Agustan 2022 ta ƙara wurare irin su Tailan da Guam. Sharaɗin shekara guda dai yana nan daram.

Yanzu ka dubi ɗan shekara ashirin da ya koma gida a 1969 yana jin tsikari a yatsun ƙafa. Asibiti zai je? Aiki zai nema, ya yi aure. Bayan shekara hamsin ana tambayarsa takardar da ta nuna ciwon ya fara cikin shekara guda da barinsa Biyetnam. Abin da ke ɗan rage zafin wannan shi ne hukuncin kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a shari'ar Buchanan ta 2006, wanda ya ce ba za a yi watsi da shaidar mutum ba don kawai babu takardar asibiti ta wancan lokaci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: ba sai mutum ya karanta likitanci zai iya cewa ƙafarsa ta sage tun shekara kaza ba. Amma alƙali na da ikon auna ko maganar abin gaskatawa ce, kuma in ya buɗe fayil ya ga a 1985 mutumin ya gaya wa likita ƙafafunsa lafiya lau, shi ke nan. Tun a 1994 kuma, a shari'ar Combee, kotu ta ce rufewar hanya mai sauƙi ba ta hana mutum bin doguwar ba, wato ya kawo ra'ayin likitan da zai bayyana cewa gubar ce ta jawo masa ciwon shi a karan kansa. Hanya ce mai wuya, amma tana nan.

Da yawa daga waɗanda suka yi nasara ta bayan gida suka shiga, kuma doka ce ta yarda da hakan. Duk ciwon da wani ciwon da aka riga aka amince da shi ya haifar, ko ya ƙara wa tsanani, shi ma ana biyan sa. A 2001 aka sa ciwon suga nau'i na biyu a jerin cututtukan Agent Orange, ba tare da wa'adin shekara guda ba, kuma suga ne kan gaba wajen lalata jijiyoyin ƙafa a Amurka. Sai ya zama mutum biyu da suka kwana a rami ɗaya a Biyetnam, ƙafafunsu na zogi iri ɗaya, mai suga ya samu cikin sauƙi, marar suga ya yi ta jeka-ka-dawo. Ga waɗanda suka yi Iraƙi da Afganistan kuwa, bayan gidan shi ne ƙashin baya. Shekarun ɗaukar kaya masu nauyi, dirowa daga jirgi da lema da girgizar mota kan sa guringuntsin da ke tsakanin gaɓoɓin baya ya zamo ya danne tushen jijiya, zogi ya riƙa harbawa daga ƙugu zuwa dunduniya. Jadawalin ya ce a yanka wa bayan kasonsa, a yanka wa kowace ƙafa nata daban. Sau da yawa ofis kan ba da na bayan ya manta da ƙafafun. Akwai kuma ragowar tsofaffin yaƙin Koriya da sanyin hunturun 1950 ya ƙone wa ƙafafu, waɗanda da yawansu fayilolinsu sun tafi a gobarar da ta cinye ma'ajiyar takardun sojoji a St. Louis ranar 12 ga Yulin 1973, inda aka rasa tsakanin fayil miliyan 16 zuwa 18.

Ma'aunin hujja a nan ya fi na kowace kotun ƙasar sassauci. Ba a neman tabbas. In hujjar da ke goyon baya da wadda ke adawa sun yi kusan kunnen doki, doka ta ce a ba tsohon soja. Shi ya sa jumlar da kowa ke son gani a rahoton likita ita ce yiwuwar ta kai aƙalla hamsin da hamsin. Amma jumlar ita kaɗai ba ta da nauyi. A shari'ar Nieves-Rodriguez ta 2008 kotun 'yan mazan jiya ta ce darajar ra'ayin likita tana cikin dalilan da ya bayar. Wasiƙa mai layi biyu daga babban farfesa na iya faɗuwa a gaban shafi guda na ƙaramin likitan da ya karanta fayil, ya ambaci giya da B12 da sauran abubuwan zargi, ya bayyana ɗaya bayan ɗaya dalilin da ya sa ba su ba ne.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko cin rai, a ganina, domin a nan mutum ya riga ya yi nasara, sai ya ga abin da aka ba shi bai taka kara ya karya ba. Jadawalin bai faɗi abin da ya raba "kaɗan" da "matsakaici" da "mai dosar tsanani" ba. Abu ɗaya ya faɗa ƙarara: in lalacewar ta tsaya ga ji kawai, ba ta taɓa ƙarfin tsoka ba, to a ba ta matakin kaɗan, in ta yi yawa matsakaici. Ga jijiya mai lamba 8520, wannan na nufin kashi 20 ne iyaka, ko da mutum bai runtsa ba shekara biyar saboda raɗaɗi. A shari'ar Miller ta 2017 kotu ta ƙara da cewa wannan layi rufi ne kawai, bai ba da tabbacin komai ba: samun ɗan rauni a tsoka ko ragin zabura a idon sawu ba ya tilasta a haura da mutum sama da 20.

Sai an yi lissafin za a ga girman abin. VA ba ta tara kaso kai tsaye. Tana cire na farko daga ɗari, ta ɗauki na biyu daga abin da ya rage, in kuma ƙafa biyu ne ta ƙara ushirin jimlar, sannan ta daidaita zuwa goma mafi kusa. Kashi 10 a kowace ƙafa na ba da 19, da ƙarin ya zama kusan 21, a mayar 20: dala 346.95 a wata, a lissafin 2025. Kashi 20 a kowace ƙafa na ba da 36, da ƙarin 39.6, a mayar 40: dala 774.16. Kashi 40 a kowace ƙafa na ba da 64, da ƙarin 70.4, a mayar 70: dala 1,759.19. A wannan mataki na uku wata ƙofa ke buɗewa, domin dokar waɗanda naƙasa ta hana su aikin ci da kai tana neman ciwo guda mai kashi 60, kuma tana ƙirga ƙafa biyu a matsayin ciwo guda. Wanda ya nuna ba zai iya riƙe aiki ba sai a biya shi kuɗin kashi ɗari. Tazarar da ke tsakanin dala 774 da dala 3,831 na iya rataya a kan akwatin da wani ma'aikacin lafiya ya sa wa alama a cikin fom.

Fom ɗin kuwa a ɗakin gwaji ake cike shi, sau da yawa a hannun likita ko nas na kamfanin da VA ta ba kwangila, wanda bai taɓa ganin mutumin ba. Zai ce a cire takalmi da safa. Zai danna wani siririn zaren roba a tafin ƙafa, mai lanƙwashewa in ƙarfin ya kai giram 10, ya tambaya ko an ji. Zai kaɗa wani ƙarfe mai baki biyu ya ɗora a kan babban yatsa yana karkarwa. Zai buga 'yar gudumar roba a gwiwa da agara. Zai ce a tura hannunsa da ƙafa, ya ba da maki daga sifiri zuwa biyar. Zai duba ko gashin ƙwauri ya zube, ko fata ta yi sheƙi, ko sha-raɓa ɗaya ya fi ɗaya ramewa. Duk wannan da rana tsaka, mutum na zaune, alhali ciwon da dare yake tashi, ko bayan tsayuwar awa guda. Ga kuma halin soja. An horar da shi kada ya yi raki, ana tambayarsa yaya ƙafar sai ya ce da sauƙi, a rubuta da sauƙi. In ya tattara ƙarfinsa ya tura hannun likita na daƙiƙa uku, an rubuta biyar bisa biyar, ƙofar kashi 40 ta rufe. Akwai ma nau'in ciwon da ke cin ƙananan zaruruwan jijiya kaɗai, masu ɗaukar zafi da raɗaɗi, wanda gwajin lantarki na jijiya ba ya gani. Sakamako ya fito lafiya lau, mutum na kuka. Sai an yanki ɗan ƙaramin fata an ƙirga zaruruwan ake gane shi.

Na fahimci abin da ya sa aka gina jadawalin haka. Tsoka ana auna ta da tef, raɗaɗi ba a auna shi, kuma hukumar da ke biyan miliyoyin mutane tana tsoron abin da ba za ta iya tantancewa ba. Amma manufar diyyar, kamar yadda dokar ta faɗa da kanta, ita ce rama raguwar ikon neman abinci. Direban da ba ya jin birki a ƙarƙashin ƙafarsa ya rasa sana'arsa, ko da tsokarsa na nan cif. Rufin kashi 20 bai san da wannan direba ba. Shi ya sa takardar da matar mutum za ta rubuta ke da amfani fiye da yadda ake zato, in ta faɗi abin da ta gani: maigidana ya faɗi a banɗaki sau kaza, ya daina tuƙi, ni nake duba masa tafin ƙafa kowane dare. Faɗuwa da jan ƙafa da dogara sanda su ne ke nuna abin ya wuce ji kawai.

Ita kanta ɗaukaka ƙarar tana da tarihi. An kafa Hukumar Ɗaukaka Ƙarar 'Yan Mazan Jiya a 1933, kuma fiye da shekara hamsin maganarta ce ta ƙarshe, babu kotun da ke duba ta. Wata doka ta zamanin yaƙin basasar Amurka ta hana lauya karɓar fiye da dala 10 a irin wannan shari'a, don haka lauyoyi suka kauce. Sai a 1988 aka kafa kotu ta musamman. Tsohon tsarin ya bar fayil a buɗe har abada, duk sabuwar takarda sai a mayar da shari'a baya a sake dubawa, har ƙarar da ta kai gaban hukumar kan ɗauki shekara bakwai. Dokar da aka sa wa hannu a Agustan 2017, ta fara aiki ranar 19 ga Fabrairun 2019, ita ta kawo hanyoyi ukun da ake bi yanzu, kuma mutum na da shekara guda daga ranar wasiƙar hukunci ya zaɓi ɗaya.

Wasiƙar ce abin karantawa da kyau, domin yanzu dole ta lissafa abubuwan da aka amince da su, waɗanda ba a komawa baya a kansu sai da ƙwaƙƙwaran dalili, ta kuma faɗi abin da ya rage. In abin da ya rage hujja ce, babu ra'ayin likita mai ɗaure ciwon da aikin soja, ko babu gwajin da ya nuna tsoka ta yi rauni, hanyar ita ce ƙarin buƙata da sabuwar hujja, fom 20-0995. In hujjar tana cikin fayil amma an tsallake ta, ko an manta ƙarin ƙafa biyu, ko gwajin bai cika ba, sai a nemi babban jami'i ya sake dubawa, fom 20-0996. A wannan hanya ba a karɓar ko takarda ɗaya sabuwa, kuma nan ne mutane ke ɓata watanni: su biya kuɗi a yi musu sabon gwaji, su liƙa a jikin fom ɗin da ba ya karɓa. Hanya ta uku ita ce zuwa gaban alƙalin hukumar a Washinton da fom 10182, kuma ita ma ta rabu uku: a yanke da abin da ke fayil, a ba da kwana 90 na kawo hujja, ko a zauna da alƙali. VA ta sa wa kanta burin kwana 125 a hanyoyi biyun farko, da shekara guda a mafi saurin layin hukumar. Layin zama da alƙali kuwa kan ci shekaru. Ga wanda gardamarsa a kan "matsakaici" da "mai dosar tsanani" take, hukumar ta fi dacewa, domin alƙali dole ya rubuta dalilansa, kuma rubutaccen dalili ne ake iya kaiwa kotu cikin kwana 120.

Wa'adin shekara gudan nan kuɗi ne tsagwaronsa. Muddin mutum bai bar shi ya wuce ba tsakanin hukunci da mataki na gaba, ranar buƙatarsa ta farko na nan da rai, kuma in ya yi nasara za a biya shi ariyas tun daga ranar da hujja ta nuna ya cancanta. Wanda aka ɗaga daga 20 zuwa 40 bayan shekara uku yana da sama da dala dubu 15 a ƙasa, a lissafin 2025. In ya yi sake ya makara, sai a fara ƙirga daga ranar sabon fom. Daga wannan ariyas ne lauyoyi ke cin abinci: doka ta hana karɓar kuɗi kafin hukuncin farko, bayansa kuma ana ɗaukar kashi 20 na ariyas a matsayin daidai. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV da VFW da American Legion suna yin aikin kyauta. A gefe kuma akwai kamfanonin da ba su da rajista da VA, masu kiran kansu masu ba da shawara, suna karɓar ninkin ƙarin da mutum ya samu na watanni da yawa.

Sojan da ya je Biyetnam yana ɗan shekara ashirin a 1969 yanzu ya haura 75, kuma wannan ne shekarun da dokar hukumar ta ce a iya tsallakar da mutum zuwa gaban layi, haka ma mai ciwon ajali ko wanda talauci ya yi wa katutu. Abin dogaro shi ne mutum ya rubuta ya nema, kada ya zauna jiran a tuna da shi. In kuma rai ya yi halinsa shari'a ba ta ƙare ba, tun Oktoban 2008 doka ta ba matarsa ko wani magajin da ya cancanta shekara guda ya nemi maye gurbinsa, ya ci gaba daga inda fayil ya tsaya, da ranar farko da ariyas ɗinta.